Likita Na Amsa: Wayar Hannu, Kafofin Sada Zumunta da Lafiyar Iyali

Tambayoyin da suka taru a wannan makon, da yawansu sun karkata ga abu ɗaya, wato wayar da ke hannunmu da abin da take shigo mana da shi cikin gida. Na zaɓi guda biyar, kuma kamar yadda muka saba, na cire sunayen masu tambaya.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari: Likita, mahaifinmu yana da shekara 68, kuma shekara shida ke nan yana shan maganin hawan jini. An turo wani saƙon murya a zauren WhatsApp na danginmu cewa maganin asibiti yana kashe ƙoda, wai a koma ga tafarnuwa da zoɓo. Wata biyu ke nan da ya ajiye maganin, kuma yana cewa garau yake jin jikinsa. Yayana ya ce mu ƙyale shi tun da ya samu sauƙi, ni kuma hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kuma a wannan saɓani naku kai ne kake kan daidai. Hawan jini cuta ce da takan yi shekaru ba ta sa mai ita jin komai, saboda haka cewar mutum yana jin jikinsa garau ba hujja ba ce cewa jinin ya sauka. Abin da ke faɗar gaskiya shi ne na'urar awo, kuma idan awon babban mutum yana kaiwa 140 bisa 90 ko sama da haka a lokuta daban-daban, to jinin yana sama ko da mai shi yana zuwa masallaci da ƙafarsa sau biyar a rana.

Maganar ƙoda kuwa an juya ta ne. Hawan jinin da aka bari ba magani shi ne yake cin ƙananan jijiyoyin ƙoda sannu a hankali, kuma yana cikin manyan dalilan da ke kai mutane ga wankin ƙoda. Gaskiya ne akwai magungunan hawan jini da likita yakan so a riƙa gwajin ƙoda lokaci-lokaci ga mai shan su, amma wasu daga cikin waɗannan magunguna, irin su lisinopril, ana ba da su ne musamman don su kare ƙodar mai ciwon sukari. Shi zoɓo ban raina shi ba, domin an yi bincike da ya nuna yakan ɗan rage hawan jini idan ba a cika masa sukari ba, sai dai ragin kaɗan ne, ba zai tsaya a madadin ƙwayar da aka auna wa mutum daidai da jikinsa ba.

Irin wannan saƙon na sha jin sa a ɗakin duba marasa lafiya. Dattijo zai zaro waya daga aljihun gaban riga, ya miƙa wa jikansa ya nemo masa, sai murya ta tashi tana sallama, mai magana ya kira kansa dokta ba tare da ya faɗi asibitin da yake aiki ko inda ya yi karatu ba, ya rantse, ya ƙare da cewa a tura wa 'yan uwa don Allah. Wannan roƙo na ƙarshe shi ne ƙafar da ƙaryar take tafiya da ita, domin mai turawa yana ganin lada yake nema. Waɗanda suka yi wayo a 2014 za su tuna daren da aka tashi mutane da saƙo cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha don kariya daga Ebola, a lokacin da cutar take Legas. Mutane da dama sun kwanta asibiti, wasu sun rasu, kuma masu hawan jini suna cikin waɗanda gishirin ya fi yi wa illa.

Shawarata ita ce kada ku tsaya gardama da Baba a gaban yara, domin dattijo ba ya son a nuna masa an yaudare shi. Ka sayi na'urar awon hawan jini ko ka kai shi kemis mai ita, a auna shi yana zaune ya huta, safe da yamma na kwana uku, a rubuta lambobin ya gani da idonsa, sannan ku kai wa likitansa takardar. Kada ku mayar da shi kan tsohon magani da kanku, likita ne zai duba ko za a ci gaba da shi ko a sauya. Idan kuwa kuka ga bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, to alamun shanyewar ɓarin jiki ne, a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne.

Tambaya daga wata uwa a Gwammaja: 'Yata mai shekara 15 tana kallon TikTok har ƙarfe biyu na dare. Tana gyangyaɗi a aji, tana yawan ciwon kai, ga saurin fushi. Mahaifinta ya ce a ƙwace wayar gaba ɗaya, ni kuma ina ganin da ita take karɓar aikin makaranta da karatun Islamiyya.

Amsa: Hajiya, abin da kika lissafa duk alamun ƙarancin barci ne. Yarinya mai shekarunta tana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma wadda ta kwanta ƙarfe biyu ta tashi sallar asuba ko rabin hakan ba ta samu ba. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari mai suna melatonin wanda ke kawo barci, hasken allon waya kuma yana jinkirta fitowarsa. Amma a ganina abin da ya fi hasken illa shi ne yadda aka tsara manhajar, bidiyo ba ya ƙarewa sai wani ya hau, kuma kowanne an zaɓo shi daidai da abin da ta tsaya kallo a baya.

Game da ko kafofin sada zumunta su ne ke jawo wa matasa ciwon damuwa, masana kansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wasu suna ganin su ne sanadi, wasu kuma suna cewa yaron da ya riga ya shiga damuwa shi ne yake fakewa a waya. Babban jami'in lafiya na Amurka ya fitar da gargaɗi a kan lamarin a 2023, Ostireliya kuma ta kafa doka a 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a waɗannan kafofi. Abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne illar rashin barci, don haka daga nan nake so ku fara.

Ban goyi bayan ƙwacewa gaba ɗaya ba, domin sau da yawa ƙarshenta yarinya ta koma aron wayar ƙawa a ɓoye, inda ba ki san abin da take gani ba. Ku sa doka cewa bayan sallar isha'i da cin abinci kowace waya za ta kwana tana caji a ɗakinki, kuma dokar ta hau kan yayyenta, ta hau kanku ku iyaye gwargwadon hali, tun da yaro ya fi kwaikwayon abin da ya gani a kan abin da aka faɗa masa. Ki ba wa wannan tsari mako uku. Idan barci ya daidaita amma ta ci gaba da keɓe kanta, ta rage cin abinci, tana kuka ba dalili, ko tana maganar gajiya da rayuwa, to ki zauna da ita a natse ki tambaye ta ko wani yana tsangwamar ta ko yana yi mata barazana da hoto a waya, sannan ki kai ta ga likita. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma zuwa can ba ya nufin hauka.

Tambaya daga wani ɗalibi a Jami'ar Bayero: Idona yana zafi da ƙaiƙayi idan na daɗe a waya. Shin zan iya makancewa?

Amsa: Ƙanena, kallon waya ba ya makantar da mutum. Idan ka ƙura wa allo ido kakan rage ƙiftawa, sai idon ya bushe, abin kuma ya fi tsanani da hunturu saboda ƙura. Duk minti 20 ka ɗaga kai ka kalli wani abu mai nisan kamar mita shida na daƙiƙa 20, kuma kada ka sayi maganin ɗigawa a ido ba tare da an duba ka ba, domin wasunsu suna ɗauke da sinadarin da ke iya jawo hawan jinin ido. Idan gani yana dishi-dishi, je a auna maka, wataƙila tabarau kake buƙata.

Tambaya daga wata amarya mai jiran biki a Hotoro: Na sayi man gyaran fata da ƙwayoyin ƙara ƙiba daga wata mai talla a Instagram. Wata biyu ina amfani da su, na yi haske na kuma cika, amma fuskata ta kumbura, ga nankarwa a cinya da hannu.

Amsa: 'Yar uwa, Allah ya sanya alheri, amma ina roƙon ki da ki ga likita a cikin makon nan, ki tafi da man da ƙwayoyin a hannunki. Abin da kika bayyana ya yi kama da illar magungunan da ake kira sitiroyid, irin su dexamethasone, wanda mutane suke yi wa laƙabi da sha-ka-fashe. Cikar da yake kawowa ba ta lafiya ba ce, ruwa ne da kitse suke taruwa a fuska da ciki, kuma yana iya tayar da ciwon sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Abu mai muhimmanci shi ne kada ki daina shan ƙwayar rana ɗaya da kanki, domin bayan wata biyu jiki ya saba da ita, sai an riƙa ragewa a hankali bisa tsarin likita. Mayukan bilicin da ake haɗawa a gida a zuba a roba ba suna ba lambar NAFDAC, sau da yawa akwai irin wannan sinadari a cikinsu, wani lokaci har da sinadarin hydroquinone ko makuri, wato zaiba, mai cutar da ƙoda. Hoton da mai tallar ta nuna miki kuwa, ki tuna cewa kyamarar waya tana goge tabo tana ƙara haske kafin a ɗora shi.

Tambaya daga wani malamin makaranta mai ritaya a Yakasai: Tun da ku likitoci kun san duk wannan ɓarna, me ya hana ku fito fili ku ce jama'a su bar waɗannan kafofi baki ɗaya?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara girma, na fahimci damuwarka, amma a nan zan saɓa maka da ladabi. Jita-jita ta girmi wayar zamani. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda raɗe-raɗin cewa allurar tana hana haihuwa, alhali Facebook bai zo duniya ba sai 2004, WhatsApp kuma sai 2009. A majalisa da kasuwa da bakin masallaci maganar ta yaɗu, kuma sai a 2020 aka tabbatar da cewa Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Abin da waya ta ƙara shi ne sauri, saurin kuma gyara ma yana cin moriyarsa. Lokacin da mashaƙo ya addabi Kano a 2023, na ga iyaye mata da suka kawo yara da wuri domin sun ga bayanin alamun cutar a waya, wato ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da farin abu da ke rufe maƙoshi. Iyayen masu cutar sikila suna da zaurukan da suke tunatar da juna ranar asibiti da yadda za a kula da yaro a lokacin sanyi.

Akwai wani dare da ba na mantawa, wata mai haihuwa ta zubar da jini sosai, jininta kuma irin wanda ba a cika samu ba ne, ma'ajiyar jini babu shi. Ƙaninta ya rubuta layi uku a Facebook, kafin awa ɗaya samari biyu da ba su taɓa ganin ta ba suka iso a babur, aka gwada su, jinin ɗayansu ya dace. Saboda irin wannan ne ba zan iya cewa a bar kafofin ba. Abin da nake roƙo a wajen dattawa irinka, waɗanda ake jin maganarsu a zauren dangi, shi ne idan aka turo saƙon magani ka tambayi wanda ya turo ko wane ne mai maganar, a wane asibiti yake aiki, kuma ko yana sayar da abin da yake yabo. Idan saƙon ya ce a daina wani magani da likita ya rubuta, ka sa baki a tsayar da shi a nan har sai an tambayi likitan da ya rubuta.