Zuciyar Baba ta yi rauni, shekara nawa suka rage masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu ɗan shekara 67 ne, muna zaune a Agege, yana sana'ar albasa a kasuwar Mile 12. Wata biyu da suka wuce ƙafafunsa suka kumbura, in ya kwanta numfashi ya riƙa sarƙe masa. A asibiti aka ce hawan jini ya raunana masa zuciya. Yanzu da sauƙi, amma ƙanena ya gani a intanet wai masu wannan ciwon shekara biyar suke yi. Gaskiya ne? Ni ce babba a gidan.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi.

Abin da ƙanenki ya gani yana da tushe, sai dai ya karanta shi a karkace. Ƙididdigar cewa ta yi kusan rabin waɗanda aka gano zuciyarsu ta gaza suna rasuwa cikin shekara biyar. Ɗaya rabin kuma suna wucewa, wasu har shekara goma da ɗoriya. Kuma taron yuyuyu aka haɗa a lissafin: tsoho ɗan 85 mai ciwon ƙoda da suga, da wanda ya watsar da magani, da wanda bai taɓa tsallake ƙwaya ɗaya ba. Rai a hannun Allah yake, amma akwai alamun da muke dubawa.

Ɗauko takardar hoton zuciyar da aka yi masa, wanda ake kira eko. Za ki ga haruffan EF da lamba a gefe, wato kashi nawa cikin ɗari na jinin da ke cikin zuciya take iya turawa a bugu ɗaya. Na mai lafiya yakan kai 55 zuwa 70. In ya sauka 40 ko ƙasa, raunin na gaske ne. Lambar ba ta tsaya cik ba, da magani takan hau bayan 'yan watanni, musamman in hawan jini ne sila kuma aka shawo kansa. Ni dai na fi yarda da abin da idonki zai gani a gida. Baba yana takawa masallaci ba tare da ya tsaya hutawa ba? Yana barci da matashin kai ɗaya, ko sai an jera masa uku? Wanda yake haki yana zaune, ko ake yawan mayar da shi gadon asibiti, shi muke jin tsoro.

Inda aka fi yin asara shi ne magani. Furosemide, mai sa yawan fitsari, kumburi yake saukarwa, shi ya sa marasa lafiya ke riƙe shi su yar da sauran. Alhali masu ƙara kwana da yardar Allah su ne irin su lisinopril, carvedilol ko bisoprolol, spironolactone da dapagliflozin, waɗanda ba ya jin aikinsu a jikinsa. Sau da yawa dattijo na jin sauƙi sai ya ce zai je gida Arewa ya huta, maganin ya ƙare a ƙauye, a koma jiƙe-jiƙe, bayan wata uku a dawo mana da shi ranga-ranga. In tafiyar ta zama dole, a haɗa shi da maganin da zai ishe shi da takardunsa.

Gishiri kada ya kai ƙaramin cokali ɗaya a yini, gram 5 ke nan, har da wanda ke ɓoye cikin magi, kilishi, yajin tsire da kanwa. A raba shi da diclofenac da ibuprofen da yaran kemis ke miƙawa don ciwon jiki, suna tara ruwa kuma suna taɓa ƙoda. Ki saya masa sikeli ya hau kowace safiya. Ƙarin kilo 2 cikin kwana uku ruwa ne, a tafi asibiti ranar.

In ba likitan zuciya ke ganinsa ba, ki nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, ya fi muku kusa, ko na LUTH a Idi-Araba. Ki shiga tare da shi, ki tambayi lambar EF da lafiyar ƙodarsa, sannan ku yi maganar azumi tun kafin watan ya kama.