Maigidana zai riga ni cika shekara 5 a Ingila, yaya nawa lissafin yake?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Maigidana injiniya ne a Ingila, ya tafi a watan Maris 2022 da bizar ƙwararrun ma'aikata. Tawa bizar ta bin miji ta fito a Satumba 2023, na same shi a ƙarshen Oktoba. Yanzu ina gidanmu a Unguwar Rimi, na zo haihuwa, yau kwanana 120, kuma Mama ta ce ba inda za ni sai yaro ya yi ƙwari. Wata uku kafin na taho mun yi Umara ta kwana 14. Shi dai ya ce da zarar ya cika shekara 5 tare za mu nemi izinin zama na dindindin. Haka ne?

Amsa: Hajiya, barka da sauka lafiya, Allah Ya raya. Maganar maigida ba haka take ba. A dokar shige da fice ta Birtaniya kowa da nasa lissafin. Shi zai cika shekara 5 a Maris 2027, ke kuwa dole ki yi naki shekaru 5 a jere da bizar bin miji. Ana fara ƙirga miki daga ranar da bizarki ta fito, wato za ki cika a Satumba 2028, kuma kina iya shigar da takarda kwana 28 kafin ranar. Kada ki riga wannan lokaci ko da kwana ɗaya ne, don za a ƙi, kuɗin kuma ba ya dawowa. A 2025 kuɗin ya kai fam 3,029 kowane mutum ɗaya.

Amma abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne zamanki a Kaduna. Sharaɗin shi ne kada ki wuce kwana 180 a wajen Birtaniya cikin kowane wata 12. Nan mutane ke faɗawa rami, suna zaton daga Janairu zuwa Disamba ake nufi. Jami'in da ke duba takarda yana iya ɗaukar kowace rana ya ƙirga wata 12 daga nan, duk tafiyar da ta faɗo ciki a haɗa ta. Kwananki 120 da na Umara 14 sun zama 134, saura 46 ke nan. Ranar fita da ranar komawa ba sa shiga lissafi, cikakkun kwanaki kawai ake ƙirgawa. Idan kika haura 180, jerin ya tsinke, shekarun da kika tara sun tafi, sai a faro daga farko. Akwai uzurin da ake karɓa, kamar rashin lafiya mai barazana ga rai, taki ko ta makusanci, ko rasuwa, kuma sai da takardun asibiti. Wankan jego da jiran yaro ya yi ƙwari ba su cikin abin da zan ba ki shawarar dogara da shi. A yi wa Mama bayani cikin ladabi, a nuna mata lissafin.

Kwana 46 ba su da yawa, domin jaririn ma sai an yi masa biza. Shi ba ɗan ƙasar Birtaniya ba ne. Ki karɓi takardar haihuwarsa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a yi masa fasfo, sannan a nemi bizar bin iyaye, a kai shi cibiyar biza a Abuja. A ƙa'ida amsa tana ɗaukar kimanin mako 3, ana kuma iya biyan kuɗin gaggawa. Gobe ya kamata a fara, ba bayan arba'in na biyu ba.

Sai batun ratar wata 18 da ke tsakaninku. Bizarki tana ƙarewa rana ɗaya da ta maigida, saboda haka lokacin da zai nemi zaman dindindin, ke ki nemi ƙarin wa'adi a kan wannan biza ta bin miji da kike kai. Idan an ba shi nasa, ke za a ba ki shekara 3, wanda ya ishe ki har da ragi. Za ki biya harajin lafiya na fam 1,035 kowace shekara. Ki shigar kafin tsohuwar ta ƙare; sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971 zai riƙe miki halascin zama har a yanke hukunci. Kada kuma ki yi tafiya zuwa gida alhali takardarki na hannunsu, za a ɗauka kin janye ta.

Za a samu mai cewa tunda mijinki ya zama ɗan gida, ki koma bizar aure. Kada ki yi. Waccan hanya ce daban, agogonta daga sifili yake farawa, sabbin shekaru 5, ga sharaɗin samun kuɗin shiga na fam 29,000 a shekara da aka sa tun Afrilu 2024. Yara ma yawanci sai iyaye biyu sun samu zaman dindindin, ko suna samu tare, kafin a ba su, don haka jaririn tare da ke zai jira.

Ranar neman zaman dindindin, fom ɗin SET(O) za ki cike. Kafin nan ki ci jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya: tambaya 24 cikin minti 45, ana son 18 daidai. Sai shaidar Turanci. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka yafe wa wannan, duk da Turancin da muke yi tun firamare, saboda haka ko ki zauna jarrabawar da suka amince da ita, ko Ecctis, cibiyar duba takardun karatu ta can, ta tantance digirinki. Ki riƙa adana takardun da ke nuna kuna gida ɗaya, irin su yarjejeniyar haya, takardar harajin ƙaramar hukuma da wasiƙun banki, ki kuma buɗe littafi ki rubuta ranar kowace fita da komawa.

Duk lissafin nan a kan ƙa'idar shekara 5 na gina shi. A Mayu 2025 gwamnatin Birtaniya ta fitar da manufar mayar da wa'adin shekara 10 ga mafi yawan baƙi tare da ɗaga matakin Turanci, a Nuwamba kuma ta buɗe jin ra'ayin jama'a a kai. Dokar da ke aiki ranar da kika shigar da takarda ita za a yi miki hukunci da ita. Kafin ku biya ko sisi, ku kai fasfo da jerin tafiye-tafiyenki wurin lauya mai lasisin aikin shige da fice a can, ya sake auna ranakun da ƙa'idar da ke ƙasa a lokacin.