Me ya sa ba ma tuna 'yan mazan jiya?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa matasanmu ba su damu da ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ba, to wallahi ba a ba su labari ba ne. Nan Legas fa, a barikin Dodan kusa da Obalende, Biyafara ta miƙa wuya gaban Gowon a wannan rana a 1970, amma tsayar da yaro a Agege ka tambaye shi ka ji.

Kakana ya je yaƙin Bama (wato ƙasar Burma, a yaƙin duniya na biyu) lokacin Turawa, lambarsa tana cikin wani tsohon gwangwani a adakar kakarmu, in ya fara ba da labarin dajin nan da ruwan saman da ba ya ɗaukewa sai ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa. Ni shi nake alfahari da shi, Allah ya jiƙansa.