Amsa ga ƙanena a Agege kan aikin ƙodar Baba

Assalamu alaikum ƙanena. Ya mai jiki? Allah ya ba Baba lafiya.

Na karanta saƙonka, inda ka ce likitocin asibitin koyarwa na Idi-Araba sun gano kansa a ƙodar Baba ta hagu, sun ba da shawarar a cire ta, amma kai kana so a dakata har ka samu bizar karatu ka kawo shi Landan, saboda a majalisarku an ce maka da zarar wuƙa ta taɓa kansa sai ta bazu. Don Allah kada ka dakata.

Ba aiki ne ke watsa ta ba. A jikin wasu, ƙwayoyin cutar sun riga sun bi jini sun sauka a huhu ko ƙashi ko hanta tun kafin a shiga ɗakin tiyata, sai dai ƙanƙantarsu ta hana hoto ya nuna su, idan suka bayyana bayan shekara ɗaya ko biyu kuma sai dangi su ɗora wa wuƙa laifi. Muddin ƙarin bai fita daga ƙoda ba, cire shi ne babbar hanyar warkewa, kuma ƙoda ɗaya mai lafiya tana riƙe mutum. A sashen da nake aikin jinya nakan ga dattawa sa'annin Baba suna takawa a baranda washegarin aiki, riƙe da jakar fitsarinsu.

Idan ta riga ta bazu ne magana ke sauyawa. A 2001 bincike ya nuna cewa cire ƙodar kafin a ba da allurar interferon yana ƙara wa marar lafiya watanni, amma a 2018 binciken CARMENA, wanda aka jagoranta daga Faransa kan mutum 450, ya nuna cewa amfanin maganin sunitinib shi kaɗai bai gaza na tiyata haɗe da maganin ba. Shi ya sa yanzu likitoci ke duba ƙarfin mutum da yawan wuraren da ta kama kafin su yanke shawara.

Bizar karatu kuwa ba ta ba ɗalibi damar kawo mahaifinsa, baƙon da ya zo jinya kuma daga aljihunsa yake biya. Ka nemi a yi wa Baba hoton CT na ƙirji da ciki a can Legas cikin makon nan, ka turo mini sakamakon, mu san tambayoyin da za ka yi wa likitansa.