'Yan sa-kan gwamnati sun kama yayana sun kore mana shanu, ina zamu kai ƙara?

Tambaya: Salam Barista, dan Allah a sakaya sunana. Mu Fulani ne, rugarmu na nan tun zamanin kakanni, ni kuma ina karatu a birni. Sati uku kenan jami'an tsaron nan da gwamnatin jiharmu ta ɗauka ta basu kaki da babura suka kama yayana ranar kasuwa wai infoma ne, har yau bamu san inda yake ba. Washegari suka shigo ruga suka ƙone bukkoki suka kore shanu, kawuna ya fito yana basu haƙuri suka harbe shi ya rasu. Mun je wajen DPO yace ba a kawo masa kowa ba. Baffa yace a bar wa Allah, ƙannena kuma suna wata magana da bana so. Akwai abin da doka zata yi mana?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan kawu ya gafarta masa, ya bayyana yayanka cikin aminci. Akwai abin da doka zata yi, kuma mafi ƙarfin abin da ke hannunku shine wannan kakin da baburan da ka ambata. Da 'yan sa-kai ne na da, waɗanda kowa ke ɗaukar adda da bindigar toka ya fita, da gwamnati sai ta ce bata san su ba, a barku kuna neman mutum ɗaya ɗaya a daji. To yanzu ba haka bane. Katsina ta ƙaddamar da rundunarta a watan Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a Janairun 2024, Sakkwato ma ta bi sahu, kafin su akwai 'yan kato da gora na Maiduguri tun 2013. Duk rundunar da gwamnati ta tantance ta horar ta ba makami take biyanta alawus a ƙarshen wata, ta zama ma'aikatanta, abin da suka aikata a bakin aiki kuma gwamnatin ce zata amsa shi a kotu. Don haka a takardar ƙara za a sa gwamnatin jiha da Antoni Janar na jiha da kwamandan rundunar da Kwamishinan 'yan sanda, ba yaran da suka zo kan babur kaɗai ba.

Amma kada a haɗa komai a tukunya ɗaya. Maganar yayanka daban, maganar jinin kawu daban, maganar shanu daban, kuma ta yayanka ce bata jira, don mai rai ake fara ceto.

Waɗannan jami'an ba 'yan sanda bane, sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 yace rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar nan. Idan sun kama mutum, aikinsu su miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba, basu da hurumin ajiye shi a ofishinsu ko wani kango suna masa tambayoyi da dorina. Su kansu 'yan sandan sashe na 35 ya ɗaure su, a gaya wa mutum laifinsa a rubuce cikin awa 24, a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Zaka ji lauyan gwamnati yace ai zargin ta'addanci ne, kuma gaskiya ne tunda Babbar Kotun Tarayya ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a ƙarshen 2021 kalmar infoma ta yi nauyi sosai, dokar ta'addanci ta 2022 ma ta yarda a tsare mutum har kwana 60 ana bincike. To amma alƙali ne ke ba da wannan izinin a rubuce bayan an kai masa buƙata, ba kwamandan 'yan sa-kai ba. Sati uku babu takardar kotu babu caji, wannan tsarewa ce ta haram ko me ake zarginsa da shi.

Abin yi a satin nan, lauya ya shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a Babbar Kotun jiha ko ta Tarayya ƙarƙashin sashe na 46 na tsarin mulki da ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009, ya haɗa da buƙatar gaggawa wadda alƙali ke iya saurara tun kafin a kira ɗaya ɓangaren, a nemi umarnin a fito da shi a gaban kotu ko a faɗi inda yake. Ba sai yayanka ya sa hannu ba, kai ko baffa ko matarsa kowa na iya rantsuwa a madadinsa, ƙa'idojin sun buɗe wannan ƙofar da gangan saboda wanda ke kulle baya iya zuwa kotu. Wanda ya ga kamun da idonsa a kasuwa shi ake so ya yi takardar rantsuwa, ya faɗi rana da lokaci da wajen da aka tsaya da inda aka nufa da shi. Maganar DPO kuma ta fatar baki ce, gobe zai iya cewa bai taɓa ganinku ba, ku rubuta masa takardar ƙorafi ku aika kwafi ga Kwamishina ku tabbatar an buga muku sitamfi da kwanan wata a naku kwafin. Idan ya rubuta cewa ba a kawo masa kowa ba ya taimake ku ne, don ya tabbatar rundunar bata miƙa shi ba.

Nan zan faɗa maka wani abu da ba daɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in akwai wata alaƙa ko ta tilas ce tsakanin yayanka da mutanen daji, ko sun taɓa aikensa sayen mai ko burodi da bindiga a kansa, ko lambar wani na cikin wayarsa, ka gaya wa lauyanka tun yanzu kada ya fara ji daga bakin lauyan gwamnati. Hakan bai halatta a ɓatar da shi ba, sashe na 36 yace mutum mara laifi ne har sai kotu ta tabbatar, amma yana canja yadda za a tsara ƙarar. In kuma Allah ya sa ya fito, kafin ya wuce gida a kai shi asibitin gwamnati likita ya rubuta duk tabon da ke jikinsa a ɗauki hoto, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25 kuma cewa oga ne ya sa ni baya wanke mutum. Sashe na 35 ɗin nan dai ya ba wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

Jinin kawu kuma hanya biyu ce kuma ana iya bin su tare. Ta farko tuhumar kisa ƙarƙashin Final Kod, wato dokar hukunta laifuka, wannan baya tsufa ko bayan shekara nawa, sai dai matsalarta 'yan sanda ne zasu bincika kuma Antoni Janar na jihar da ta ɗauki mutanen aiki shine zai gurfanar, kaga ba sai na ƙara bayani ba. Duk da haka a rubuta, in jiha ta yi shiru a kai ofishin mataimakin Sufeto Janar na shiyya ko hedikwata a Abuja. Ta biyu ƙarar haƙƙin rayuwa ƙarƙashin sashe na 33 a nemi diyya, a da wasu alƙalai na cewa mamaci baya ƙara amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta riga ta yarda iyali su tsaya masa. Nasan an yi masa sutura a ranar kamar yadda addini ya tanada babu binciken likita, to waɗanda suka yi masa wanka sun ga inda harsashi ya shiga, liman da ardo sun san ranar jana'iza, a rubuta bayaninsu yanzu tun ba a tarwatse ba, don abin da na fi tsoro a irin wannan shari'ar shine shaidu su yi ƙaura wani ya nufi Neja wani Kwara wani ya tsallaka Nijar a rasa mai tsayawa gaban alƙali.

Wani tarko da lauyoyi ke faɗawa, kada a tara mutanen ruga duka a takardar ƙarar haƙƙi guda ɗaya don a rage kuɗi. A baya hukunce-hukuncen Kotun Ɗaukaka Ƙara sun saɓa a kan haka, an sha korar ƙara saboda wannan kaɗai ba a ma taɓa gundarin maganar ba, gara kowa da tasa.

Shanu su ne ke da agogo a kansu ta fuska biyu. Ɗaya, dabba ce, ana iya loda ta a tirela cikin dare ɗaya ta kwana a kudu. Biyu, ƙarar haƙƙin ɗan Adam bata da wa'adi amma ƙarar neman dukiya ko kuɗinta a kan jami'an gwamnati tana iya cin karo da dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3, akwai hanyoyin kauce mata idan jami'i ya yi abin da ya fita daga huruminsa gaba ɗaya, amma me zai sa ka shiga wannan gardamar alhali kana iya shigarwa da wuri, kuma sati uku sun riga sun tafi. Lauyanka ya nemo dokar da ta kafa rundunar a jiharku ya duba ko ta ce sai an ba da sanarwa kafin ƙara. Ku kuma ku zauna da baffa ku rubuta shanun ɗaya bayan ɗaya, launi da ƙaho da shaidar kunne ko tambarin gidanku, rasit na kara in akwai, katin rigakafi, hotunan da ke wayoyin yara, sannan a sanar da sarkin zango da dillalan kasuwannin da ke kusa a rubuce. In suka ce shanun sata ne suka ƙwato, to kayan shaida ne, wajen 'yan sanda ya kamata su kasance da lissafinsu a rubuce, kuma ana iya neman kotu ta damƙa wa mai su bisa sharaɗin zai kawo su duk ranar da aka nema. Babu dokar da ta ba wani kwamanda ikon raba su ko sayar da su.

Ka kuma sa a rubuta a takardar rantsuwa ainihin kalmomin da suka furta lokacin da suka shigo, in sun ambaci ƙabila a faɗa yadda suka faɗa, don sashe na 42 ya hana a ware ɗan ƙasa da wani hukunci saboda ƙabilarsa. Ni bana raina abin da ya haifar da rundunonin nan, mutanen ƙauyukan da suka shiga da yawansu an kashe musu iyaye an sace musu mata an sa musu harajin noma, kuma 'yan bindigan nan sun kore shanun Fulani da yawa su ma. Amma ka ɗauki saurayin da zuciyarsa ke tafasa ka yi masa horon 'yan makonni ka miƙa masa bindiga ka tura shi unguwar mutanen da yake ganin su suka cuce shi, abin da zai biyo baya sananne ne, kuma wanda ya miƙa bindigar ya san haka. Indiya ta gwada wannan a jihar Chhattisgarh daga 2005 da wata runduna Salwa Judum, aka ɗebi samarin ƙabilun daji aka basu makamai su yaƙi 'yan tawayen Mao, ƙauyuka ɗaruruwa suka watse mutane suka koma sansani, har a watan Yulin 2011 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce abin ya saɓa wa tsarin mulki a karɓe makaman, ta kuma ce gwamnati ta jefa rayukan su kansu samarin cikin haɗari. Hukuncin Indiya baya ɗaure alƙalin Najeriya amma lauya na iya kawo shi ya ƙarfafa hujja. Bayan hukuncin jihar ta yi sabuwar doka ta mayar da da yawansu cikin wata rundunar, don haka kada ka ɗauka takardar kotu kaɗai na gama komai.

Haka batun kuɗi, ko kun ci shari'a karɓar diyya daga asusun gwamnati wani yaƙin ne, don sashe na 84 na dokar aiwatar da hukunci yana neman amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, shi wanda kuka kayar ɗin. Amma ana samu. Masu Keke Napep da jami'an tsaro suka harbe a wani kango a Apo cikin Abuja a 2013, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta yanke musu naira miliyan 135 a 2014 kuma an biya a 2018. Hukumar na da ofis a jihohi, kai ƙorafi kyauta ne, ku kai mata a layi ɗaya da ƙarar kotu. In babu kuɗin lauya akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da kwamitin kare haƙƙi na ƙungiyar lauyoyi a reshen garinku. Kotun ECOWAS ma tana nan a Abuja bata sharɗanta sai an gama da kotunan gida ba, sai dai can Gwamnatin Tarayya ake kaiwa ba jiha ba kuma bata karɓar maganar da ke gaban wata kotun ƙasa da ƙasa, ni zan ajiye ta zuwa gaba.

Ƙannenka kuma ka zaunar da su yau ba gobe ba, na gane maganar da suke yi. Ranar da ɗayansu ya taka daji ya gama wanke waɗanda suka harbe kawu, duk takardar da muka rubuta ta zama ta dangin 'yan bindiga, yayanku in yana raye ya rasa mai fito da shi, kuma ƙauyen da za a je ramuwa a kansa ba su suka yi harbin ba. In zai yiwu ka ɗauko su su zauna wajenka a birni har a ga inda ƙarar ta nufa. Baffa kuma a bi shi a hankali a nuna masa cewa barin wa Allah bai hana neman ɗansa ba, kuma ba sai ya tsaya gaban kowa ba tunda kai zaka iya rantsuwar. Shaidun da ke tsoro kada a sa adireshin inda suke kwana a takarda, a yi amfani da na ofishin lauya, in an yi musu barazana a gaya wa alƙali a nemi umarnin kariya a cikin ƙarar.

Ka turo min ta akwatin sirri sunan jiha da ƙaramar hukuma da ranar da aka kama shi da adadin mutanen da suka ga kamun kuma suka yarda su yi rantsuwa, in duba dokar rundunar jiharku in haɗa ka da lauyan da ke kusa da kotun da za a shigar.