Ina son finafinan ban tsoro, amma sun hana ni barci

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce mai shekara 23, ɗaliba, daga gida nake zuwa makaranta. Matsalata finafinan ban tsoro ne, irin na fatalwa da gidajen aljanu. A waya nake kallo bayan kowa ya kwanta, daga ƙarfe 11 zuwa 1 na dare, fitila a kashe, abin sauraro a kunne. Gabana yakan yi ta dukan uku-uku, tafin hannuna ya jiƙe da gumi, amma daɗi nake ji. Idan na ajiye wayar kuma sai barci ya gagara, ko labule ne ya motsa sai na zabura, ga shi kwanan nan dannau ya fara kama ni da asuba. Abin da ya fi damuna shi ne ƙanena mai shekara 6 da muke kwana ɗaki ɗaya. Ya leƙa wani fim tare da ni, yanzu ba ya yarda ya je banɗaki shi kaɗai, har fitsarin kwance ya dawo masa. Ƙawata ta ce duk mai jin daɗin irin wannan kallo ba shi da cikakkiyar lafiya. Anti, ƙwaƙwalwata ce ta taɓu? Yaya zan yi da kaina da yaron?

'Yarki daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, ƙwaƙwalwarki ƙalau take, kuma ƙawarki ba ta faɗi daidai ba. Mu da aka raina da tatsuniyar Dodo mun san yara kan maƙale a jikin kaka don tsoro, gobe da dare kuma su ce a ƙara musu.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan sassa biyu da likitoci ke kira amigdala, aikinsu tsinkayar haɗari. Ba sa jiran a yi musu bayani. Da zarar wata fuska ta faɗo a allon wayarki tare da ƙara, sai su aika saƙo, wasu ƙullutai da ke saman ƙoda su saki sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciyar da ke bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum na hutawa sai ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama-sama, gumi ya karyo, jini ya karkata zuwa damatsa da cinyoyi domin gudu ko faɗa. A daidai wannan lokaci kuma sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai tunani da auna abu, ya san kina kan katifarki kuma da yatsa ɗaya za ki iya tsayar da fim ɗin. To a nan daɗin yake: jiki ya tashi tsaye, hankali kuma ya san babu abin da zai same shi. Kamar yaji ne a baki, yana zafi amma ba ya ƙona harshe. Masanin halayyar ɗan Adam Dolf Zillmann ya bayyana tun 1971 cewa wannan tashin jiki ba ya kwanciya nan take, yana ƙara wa duk abin da mutum ya ji bayansa ƙarfi. Shi ya sa ajiyar zuciyar da kike yi idan jarumar ta tsira take da daɗi haka.

Sai dai abin yana da ma'auni. Masu bincike a jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak sun ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya a wani gidan wasan tsoratarwa, suka wallafa sakamakon a 2020. Waɗanda suka fi jin daɗi su ne waɗanda tsoron nasu ya tsaya a tsakiya. Idan ya yi kaɗan babu armashi, idan ya yi yawa daɗin sai ya gudu ya bar wahala. Ke kin haɗa duk abin da ke kai shi maƙura: duhu, kaɗaici, tsakar dare, ga sauti kai tsaye cikin kunne, alhali rabin tsoron waɗannan finafinan a sautin yake. Ga shi kuma kina rufe ido minti biyar bayan an gama, jiki bai sauka ba.

Dannau kuwa na fi ɗora shi a kan rashin barcin. A matakin barcin da ake mafarki, ƙwaƙwalwa kan kashe motsin gaɓoɓi don kada mutum ya tashi yana aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali ya riga jiki farkawa, sai mutum ya ji ya kasa motsi da magana, ƙirji ya yi nauyi, har ya ga kamar wani na tsaye a kansa, domin guntun mafarkin bai gama wucewa ba. Daƙiƙoƙi ne zuwa 'yan mintoci, kuma ba ya kisa. Ƙarancin barci, sauya lokacin kwanciya, damuwa da kwanciya rigingine su ne suka fi jawo shi. Idan ya zo kada ki yi kokawar tashi, wannan ƙara firgici yake yi. Ki mai da hankali kan motsa yatsa ɗaya na hannu ko na ƙafa, kina numfashi a hankali.

Ki ajiye kallon gaba ɗaya na mako biyu. Ki riƙa kwanciya lokaci ɗaya kullum, ki sami awa 7 zuwa 9, a kan gefenki, waya nesa da filo. Ki bar shayi, kofi da lemon ƙara kuzari daga la'asar, don rabin sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikinsu yana nan a jini bayan kimanin awa 5. Bayan addu'o'inki na kwanciya, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi kina ƙirga shida, na tsawon minti biyar. Tsawaita fitar da numfashi yana rage gudun zuciya. Ƙofa sau ɗaya za ki duba. Yawan tashi ana leƙa bayan labule yana kwantar da hankali na ɗan lokaci, amma koya wa ƙwaƙwalwa yake yi cewa lallai akwai abin tsoro a wurin. Idan barci ya daidaita kuma kina son komawa, ki yi kallon da rana ko da yamma, tare da wata, fitila a kunne, ba abin sauraro, ki gama aƙalla awa uku kafin kwanciya.

Maganar yaron ta fi taki muhimmanci a wurina. Joanne Cantor ta jami'ar Wisconsin a Amurka ta shafe shekaru tana nazarin yadda allo ke firgita yara, kuma ta nuna cewa ƙananan yara siffar abu ce ke tsorata su, cewa da su “ai ba gaske ba ne” ba ya yin tasiri sosai. Ɗan shekara 6 bai gama raba abin da ya gani a fim da abin da zai iya shigowa ɗaki ba, wannan kariyar da ke sa ke ki ji daɗi shi ba shi da ita tukuna. Don haka kada ya sake ganin ko daƙiƙa ɗaya. Ki faɗa wa mahaifiyarku gaskiyar abin da ya faru, domin kada a dake shi a kan fitsarin, kada a yi masa dariya, kuma a daina yi masa barazana da Dodo. A bar masa ƙaramar fitila. Zuwa banɗaki a bi shi mataki-mataki: kwanakin farko ki raka shi har ƙofa, bayan nan ki tsaya a rabin hanya kina yi masa magana, daga baya ki ba shi tocila ki tsaya a bakin ɗaki. Ya yi fitsari kafin ya kwanta, a rage masa ruwa awa ɗaya kafin barci. Idan yana jin zafi wajen fitsari, ko ƙishirwa ta yi masa yawa, ko abin ya wuce 'yan makonni, a kai shi asibiti, don sanyin mafitsara ko ciwon suga ma kan dawo da fitsarin kwance.

Ke ma idan an yi wata guda babu sauƙi, ko faɗuwar gaban ta fara zuwa da rana tana hana ki karatu, ki ga likita. Haka nan idan kin taɓa shiga wani tashin hankali na gaske, kamar hari ko hatsarin mota, kuma finafinan na dawo miki da shi, ki bar su kwata-kwata ki nemi taimako. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Kada ki sayi maganin barci a kemis ba da takardar likita ba, wasunsu jiki na sabawa da su cikin 'yan makonni.