Tambaya da Amsa: Wa zai riƙe makarantar rawar gidanmu?

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Kakata ce ta buɗe makarantar koyar da rawa, da ta rasu Baba ya karɓa, yanzu shi ma ciwon gwiwa ya sa shi gaba har likita ya ce ya rage tsayuwa. Mu biyu ya haifa. Ni aikin ofis nake kuma gaskiya rawar ban wani iya ba, ƙanena ya iya amma shi sai ta TikTok, wai ta kaka ta tsufa. Akwai wata ɗaliba da ta shekara 15 a hannun Baba, wallahi duk ta fi mu, amma ya ce shi abin ba zai bar gida ba. Ya zan yi? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikis salam ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya. Toh ni dai a ganina abu biyu kuka cakuɗa, mallakar makaranta daban, tsayawa gaban ɗalibai daban. Ta farko ana gadonta da takarda, ta biyun kuwa sai wanda ƙafarsa ta sha wuya. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a harkar rawa na sha ganin rarrafen.

Kuma fa ba ku kaɗai ba ne. A Indiya, Birju Maharaj, gwanin rawar gargajiya ta Kathak, salon birnin Lucknow, da ya rasu a 2022, yana shekara 9 mahaifinsa ya mutu, baffanninsa Lachhu da Shambhu ne suka ci gaba da horar da shi, da babu gwani a kusa ai da shikenan. Mutanen Japan kuma suna da tsarin da suke kira iemoto, shugabancin makaranta a gida ɗaya yake tafiya, amma in babu ɗan da ya kai sai su ɗauki ɗalibin da ya fi kowa su mai da shi ɗan gida har ya ɗauki sunan gidan. Wannan nake so ki ba Baba labari, don tsoronsa bai wuce sunan mahaifiyarsa ya ɓace ba, kuma ina ganin yana da gaskiyarsa. Sunan ya zauna, mallaka ta zauna hannunku, ke ki riƙe rajista da lissafi tunda aikin ofis kika sani, ita ɗalibar a ba ta jagorancin koyarwa da albashi mai mutunci, in ba haka ba wata rana za ku ji ta buɗe nata kuma rabin yaran sun bi ta.

Amma dan Allah a rubuta, a je wurin lauya Baba yana da ransa. Martha Graham, gwanar rawa ta Amurka, ta rasu a 1991, magajinta da cibiyar rawarta suka yi ta shari'a kan wa ke da raye-rayenta, sai 2002 kotu ta ce yawancinsu na cibiyar ne.

Shi ƙanen naki kar ku hantare shi, irin rawarsa ce ke jawo yara. A ba shi aji ɗaya da yamma, da sharaɗin zai riƙa zama a ajin Baba.

Abin da ya fi damuna ma ba ki tambaya ba. Rawa a jiki take zaune, abin da Baba ya ɗauka wurin kakarku yawanci ba shi a ko'ina sai a kansa. Ki sa waya a gaba, shi yana zaune a kujera yana faɗin sunan kowane taku da ƙirgensa da inda kiɗa ke juyawa, ita ɗalibar tana takawa, in ta yi kuskure ya gyara kar ki yanke bidiyon, gyaran ne ma ake nema. Ki ajiye a wuri biyu, waya ɓata take.

In za ki tada maganar kuma kar ki ce masa gado, zai ji kamar mutuwarsa kuke jira. Ki ce so kuke gwiwar ta huta.